Yadda ake koyar da yaran shago ɗinki, kowane yaro ta inda kansa ke ɗauka

Akwai wani yaro da na taɓa sallama daga shagona nan Tudun Wada Gusau, har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Wata bakwai yayi a wurina, kullum ina bayani yana kallon ƙasa, in nace ka gane? yace eh Oga, in na bashi aiki kuma ya kwaɓa. Na gaji na kira babansa nace Baba ayi haƙuri a nema mashi wata sana'ar, kansa baya ja. Bayan kamar shekara biyu naje Ƙauran Namoda sai gashi a wani shago yana haɗa wuyan kaftani, aiki tsaf kamar an zana. Na tambayi ogan nasa ya akayi, sai yace min, "Wanga yaro ba a yi mai dogon bayani, aza mai aiki gabanshi ka tashi ka bashi wuri." Nan na gane laifin nawa ne, hanya ɗaya na iya koyarwa, wato irin wadda aka koya min, duk wanda bai bi ta nan ba sai in ce daƙiƙi ne.

Tun daga lokacin na canja tsari, kuma abin da zan faɗa anan shi nake yi yanzu. Da ɗinki zan yi misali tunda shi na sani, amma kanikawa da masu walda da kafintoci da masu gyaran waya kowa zai iya juya shi zuwa nasa aikin, haka ma mata masu koyar da ɗinki a cikin gida.

Mataki na farko, sati biyu kana kallon yaro kafin ka yanke mashi hukunci

Mu dai mun saba yaro in ya zo sai shara da ɗebo ruwa da hura gawayin dutsen guga da aike, wani sai yayi wata shida bai taɓa keke ba. Sharar ba laifi bace, tarbiyya ce, amma a cikin sati biyun farko ka ware ko minti ashirin ne kullum ka gwada shi. Gwajin da nake yi shine saka zare a keke. Ranar farko ina sakawa a hankali yana kallo, ban ce komai ba, sai in zare in ce bismillah. Washegari in canja, in zauna gefe ina faɗa mashi da baki kawai, daga sama ka bi nan, ka shiga tsakanin faifan nan biyu, ka hau ka sauko. Rana ta uku in bashi keken da zaren in tafi wajen yanka ina satar kallonsa. Zaka ga bambanci da idonka. Wani tun kallon farko ya haddace. Wani sai da yaji ana faɗa. Wani kuma duk biyun bai kama ba amma da ka barshi shi kaɗai ya lalubo, yayi kuskure sau uku na huɗu ya samu. Akwai kuma wanda zai ce Oga bari in rubuta, ko ya ɗauko waya ya ɗauki hoto.

Kafin ma ka kai ga wannan, duba lafiyar yaron, don sau da yawa abin da muke cewa daƙiƙanci ciwo ne ko yunwa. In kaga yana kai fuskarsa dab da allura yana ƙanƙance ido, ka ce ma iyayensa su kai shi a duba idon. In kana magana sai ya juyo da kunne ɗaya ko yana yawan cewa na'am, ƙila jin ne yayi ƙasa. Ka lura ko bahago ne, don almakashin da muke dashi na masu dama ne, a hannun hagu yadi yake taunewa kuma baya ganin layin alli sosai, sai ka ɗauka ganganci ne. Ka tambaye shi karatun da yayi ba tare da ka kunyata shi ba. Yanzu yaran da ake kawo mana da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Maru da Bungudu suke, rashin tsaro ya taso iyayensu, karatun boko ya yanke ko ba a ma fara ba, amma wani ya iya ajami sarai daga makarantar allo. Irin wannan yaron in ka daka mashi tsawa gaba ɗaya jikinsa ke mutuwa, ba zai ƙara jin komai ba ranar. Sannan ka tambaya ko ya karya. Yaron da bai ci komai ba tun safe wallahi ko waye malaminsa ba zai riƙe lissafin awo ba.

Mataki na biyu, ka yanka aikin gunduwa-gunduwa

Wannan aikinka ne kai ogan, ba na yaro ba. Mu da hannu ya saba bamu ma san abu nawa muke yi a lokaci ɗaya ba. Ka zauna ka jera abin da zaka koyar daga sauƙi zuwa wuya. Ni nawa haka yake: taka keke babu zare har ƙafa ta daina juya shi baya, bin layi a kan takarda da allura babu zare, saka zare da naɗa bobin (ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa), ɗinki miƙaƙƙe a ƙyalle, kalmasa, wandon yara, aljihu, gidan maɓalli, zif, hannu, wuya, sannan awo, yanka kuma shine ƙarshe don yadin mutane in ya yanku ya yanku. Kowane gunduwa ka san abu ɗaya ko biyu da in aka kuskure aikin ya lalace, kuma ka san dalilinsa. Misali in zare ya cukurkuɗe ta ƙasan ƙyalle yaro zai ruga ya buɗe wajen bobin, alhali yawanci zaren sama ne yayi sako-sako ko bai shiga inda ya kamata ba. Allura mai lamba 14 ta yadi mara kauri ce, 16 da 18 na masu kauri, in ka saka siririya a yadi mai tauri zata karye. Waɗannan abubuwan iri ɗaya ne ga kowa, abin da zai canja shine yadda zaka isar dasu.

Mataki na uku, kowa ka shigar dashi ta ƙofarsa

Mai ɗauka da ido shi yafi sauƙi a shagon tela, gani ya kori ji a wurinsa. Abin da ake kuskurewa shine wurin tsayuwa. In ya tsaya a gabanka yana fuskantarka komai a juye yake gani, damanka hagunsa ne. Ka tsayar dashi bayan kafaɗarka. Ka rage gudu sosai, ka yi sau ɗaya yadda ka saba sannan ka maimaita a hankali. Ka yi amfani da zare mai launi daban, baƙi a kan farin ƙyalle, ko ja a sama fari a bobin, nan take zai ga wanne ke jan wanne. Na kuma ɗinka aljihu kashi biyar na rataye a bango, na farko an yanka kawai, na biyu an kalmashe baki, haka har na biyar da aka gama, yaro sai ya tashi ya duba ya dawo ba sai ya tambaye ni ba. In akwai waya ka bari ya ɗauki bidiyon hannunka yaje gida yayi ta kallo.

Mai ɗauka da kunne shine mai yawan tambaya, wanda muke cewa ya cika surutu. Kada ka hana shi. Wannan in kana aiki ka riƙa faɗin abin da kake yi da dalilinsa, sannan kace ya maimaita maka da bakinsa kafin ya taɓa keke. In ya faɗa daidai to hannunsa zai bi. Yaran da suka yi allo sun saba da hadda, don haka jerin awo nake basu kamar karatu, tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, su yi ta maimaitawa a jere ɗaya kullum har ya zauna, ba zasu taɓa manta guda ba a gaban kwastoma. Amma ka guji yi mashi bayani lokacin da janareta ke ruri ko rediyo na kunne, rabin maganar iska ke kwashewa. Da safe kafin shago ya cika yafi. Wani lokacin in na koma gida ina yi mashi saƙon murya a WhatsApp na minti ɗaya akan kuskuren da yayi ranar, ya saurara sau nawa yake so.

Mai ɗauka da hannu, anan nake son in daɗe, don sune muka fi zalunta, irin yaron da na sallama kenan. Kana bayani idonsa na kan almakashi, hannunsa na taɓe-taɓe, sai ka ɗauka raini ne. Ba raini bane, maganar ce bata zama a kansa sai hannunsa ya ji abin. Wannan bayaninsa kada ya wuce jimla biyu, sai ka miƙa mashi. Ka tara ƙyallayen da suka rage a buhu, ka nemo takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida don koyon yanka, ka ware mashi tsohon keke, ni wata tsohuwar Butterfly ce na ajiye a lungu don haka kawai. Ka barshi ya ɓata. Abin da ya ɓata ƙyalle ne, ba shaddar Alhaji ba. In ya kasa kada ka karɓe aikin ka gama mashi, wannan shine babban kuskuren da nake yi da, ka ɗora hannunka a kan nasa ku tura ƙyallen tare ya ji cewa ba a jan yadi, keken ne ke ja da haƙoransa kai dai saita hanya kake. Ka sa ya ja zaren sama da yatsa lokacin da ya yi daidai da lokacin da yayi sako-sako, ya ji bambancin a fatarsa. Sannan in yayi ɗinki ya karkace ka bashi reza ya farke da kansa ya sake. Farkewar nan tana koyarwa fiye da faɗa, don yana farkewa yana ganin inda ya kauce.

Wajen awo ma akwai dabararsu. Tef ɗinmu inci 60 ne, yadi ɗaya inci 36, kowane inci an raba shi gida takwas. In kace ma yaron da bai yi boko ba ƙirji 40 ka raba huɗu, shiru zaka ji. Amma kace ya kama tef a kan 40 ya ninka biyu ya sake ninkawa, ya duba inda ya tsaya, zai ga 10 da idonsa, kuma daga ranar ya iya raba kowane awo ko da 38 ne ko 43. Rabi da kwata ma haka, ninke takarda zaka yi mashi ya gani. Na ga yaron da baya iya rubuta sunansa da boko amma wata uku da wannan dabarar baya kuskuren awo.

Mai rubutu kuma ka saya mashi ɗan littafi na aljihu da biro, ba tsada. Ya rubuta da boko ko da ajami duk ɗaya, shi zai karanta abinsa. Ka ɗora shi kan littafin awon kwastomomi da ranar karɓar kaya. Matsalarsa ɗaya, yana iya fakewa da rubutu yana tsoron keke, to kada ka bari, duk abin da ya rubuta yau ya ɗinka shi yau.

Mataki na huɗu, kada ka kulle yaro a ƙofar da ya shigo

Wannan yana da muhimmanci sosai don kada a fahimce ni a karkace. Wannan rabon na ido da kunne da rubutu da hannu ba ni na ƙirƙiro shi ba, wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan mai suna Neil Fleming ya tsara shi a 1987 kuma ya bazu a makarantu. Amma a 2008 wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam sun bi binciken da akayi akai, basu samu hujja mai ƙarfi ba cewa in ka koyar da mutum ta hanyar da yafi so kaɗai zai fi ganewa. Ni ma abin da na gani a shago kenan. Amfanin sanin ƙofar yaro shine farkon shiga, ya samu ya iya abu ɗaya ya daina jin cewa shi ba komai bane. Daga nan dole kowa ya gani, ya ji, ya faɗa, ya yi. Ɗinki aikin hannu ne, mai kunne ko ya haddace bayani kamar ruwa in bai taka keke ba bai iya ba. Mai hannu kuma in bai koyi sauraro ba ranar da kwastoma yace wuyan kaza nake so hannun kaza, wani abu daban zai ɗinka mashi.

Don haka kowane sabon gunduwa ina binsa hawa huɗu, kuma wannan tsohon tsari ne da masana'antun Amurka suka yi amfani dashi lokacin yaƙin duniya na biyu da suka kwashi sababbin ma'aikata, daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauka. Na ɗaya ka kwantar mashi da hankali, ka tambayi abin da ya riga ya sani, ka zaunar dashi inda zai gani. Na biyu ka yi kana faɗa, kana nuna wurin da ake kuskurewa da dalili. Na uku shi yayi kana kallo, sannan ya sake yi yana faɗa maka abin da yake yi. Na huɗu ka barshi shi kaɗai kana leƙowa, da farko akai-akai daga baya jefi-jefi. Inda bambancin yara ke shigowa shine tsawon kowane hawa. Mai ido ka daɗe dashi a na biyu, mai kunne ka matsa mashi wajen faɗa, mai hannu ka gaggauta kai shi na uku ka barshi can ya daɗe.

Kuma ka daina tambayar ka gane? Babu yaron Bahaushe da zai kalli ogansa yace a'a, kunya da ladabi ba zasu barshi ba. Kace mashi nuna min.

Mataki na biyar, gyaran kuskure

Kuskure ɗaya zaka gyara a lokaci ɗaya, wanda yafi girma. In ka lissafo mashi guda shida ba zai riƙe ko ɗaya ba. Kada ka yi mashi faɗa gaban kwastoma ko gaban ƙananansa, ka jira a watse ka kira shi gefe. Duka da tef ko bel ɗin keke da aka yi mana da, dan Allah a bari, abin da yake koya ma yaro shine ɓoye kuskure, sai ya cusa yadin da ya ɓata ƙarƙashin tebur ka gano ranar da mai kaya ya zo karɓa. In ka gwada bayani sau biyu bai shiga ba, kada ka maimaita na uku da ƙarfi, canja hanya, ko ka kira babban yaron shago kace kai nuna ma ƙaninka, wani lokacin bakin ɗan'uwansa yaro yafi naka shiga. Ina ma haɗa su bibbiyu da gangan, mai hannu da mai rubutu, ɗaya na awo ɗaya na rubutawa, gobe su yi musanya.

Lokaci ma ka duba. Daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah babu wanda ke da natsuwar koyarwa, kowa idonsa ja, to a lokacin kowane yaro ka bashi abin da ya riga ya ƙware akai, mai kalmasa yayi ta kalmasa mai maɓalli yayi ta maɓalli. Sabon darasi sai bayan babbar sallah da aiki ya lafa. Kowace Alhamis da yamma ina duba aikin kowa na sati, ina ajiye ƙyallen farko da yaro ya ɗinka, bayan wata biyu in ɗauko in aza kusa da na yanzu ya gani da kansa, ranar zaka ga yana murmushi shi kaɗai.

Mataki na ƙarshe, magana da iyaye da yaye

Tun ranar da aka kawo yaro ka faɗa ma iyayensa cewa ba kwanan wata ke yaye yaro ba, iyawa ce, wani shekara biyu wani uku, kuma wanda ya daɗe ba shi ne mara kai ba. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yarda iyaye su bada yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba koyon sana'a da yardarsa, a rubuce, kuma wa'adin kada ya wuce shekara 5. In yana zuwa makaranta, boko ko islamiyya, ka tsara mashi lokaci kada shago ya cinye karatun. Wanda ya ƙware ka ƙarfafa mashi gwiwa ya nemi takardar shaidar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, tana amfani wajen neman aiki. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, ita ma tana da shirin tura matasa koyon sana'a wurin masu shaguna, ba laifi ka leƙa ofishinsu na jiha ka ji yadda ake shiga.

Gwajin yaye kuwa iri ɗaya ne ga kowa, ba ruwana da ta inda ka shigo. Ina sayen yadi mai sauƙin kuɗi da kuɗina, in kira wani maƙwabci ya tsaya a matsayin kwastoma, yaro ya gaishe shi, ya ji irin ɗinkin da yake so, ya auna, ya rubuta ko ya sa alama yadda zai gane, ya yanka, ya haɗa kaftani da wando, ya goge ya ninke, ni ina zaune ban ce uffan ba. In ya kawo sai in juya rigar ta ciki, don nan ake gane tela, in duba kafaɗa biyu sun zo ɗaya, in duba aljihu bai karkace ba, in ja hammata in ga ko zata buɗe. Sannan mai rigar ya saka ya ɗaga hannu sama ya zauna ya tashi. In akwai gyara yaro ya farke ya gyara, mu sake sa rana bayan sati biyu da sabon yadi.